Gizo-gizon madubin mota: dalilin zamansa, haɗarinsa da hanyar rabuwa da shi

Masu motoci da dama sun san wannan al'amari: a share yanar gizo-gizo daga madubin gefen mota da yamma, washegari a tarar da sabuwa a daidai wurin. Mai saƙar yana nan a cikin kwanson madubin, kuma tare da shi ake zuwa aiki a dawo.

Mene ne gizo-gizo?

Ko da yake a harshen yau da kullum ana haɗa shi da ƙwari, masana kimiyyar halittu sun ware gizo-gizo daban. Ƙwaro yana da ƙafa shida da jiki kashi uku, gizo-gizo kuwa ƙafarsa takwas, jikinsa kashi biyu, ba shi da fuka-fuki. Kunama ma danginsa ce. A shekarar 2022 kundin jinsunan gizo-gizo na duniya, wanda ake kula da shi a birnin Bern na ƙasar Suwizalan, ya kai jinsi 50,000 da aka bai wa suna.

Zaren saƙarsa furotin ne da ke fita daga wasu gaɓoɓi a ƙarshen cikinsa. A yana mai siffar ƙafar keke, zaren da suka miƙe daga tsakiya ba su da danƙo, kuma su gizon ke takawa. Waɗanda suka kewaya su ne masu kama ƙuda da sauro.

Me ya sa yake zaɓar madubi?

Madubin gefe ya haɗa abu uku da gizo-gizo ke nema. Na farko mafaka: tsakanin gilashi da kwanson akwai 'yar tazara da aka bari domin gilashin ya iya juyawa, bayanta kuma akwai rami mai duhu da ke kare shi daga ruwan sama, zafin rana da bakin tsuntsu. Na biyu wurin ɗaura zare, domin kusurwar da ke tsakanin madubi da ƙofa ta yi daidai da faɗin ƙaramar yana. Na uku abinci: mota takan kwana kusa da fitila, fitila kuwa tana tara ƙwari.

Idan mota ta tashi, girgiza ce ke sanar da shi, sai ya shige bayan gilashi, inda iska ba ta da ƙarfi. Yanar za ta iya yagewa a hanya, amma wannan ba babbar asara ba ce a wurinsa. Yawancin masu irin wannan saƙa suna sabunta ta kusan kullum, da dare ko da asuba, har sukan cinye tsohuwar domin kada furotin ɗin ya tafi a banza.

Jinsin da ya fi shahara

A Turai, musamman Birtaniya, wanda aka fi samu a madubin mota shi ne Zygiella x-notata, wanda masanin ƙasar Suwidin Carl Clerck ya bayyana a 1757. Jikin macen bai cika wuce milimita 11 ba, namijin kuma ya fi ta ƙanƙanta. Ana gane shi da saƙarsa: yakan bar giɓi a wani yanki na sama, zare guda ya ratsa giɓin daga tsakiyar yana zuwa maɓoyarsa. Yana zaune da ƙafarsa a kan wannan zare, da zarar ƙwaro ya faɗa sai motsin ya iso masa, ya fito. Ba ya cutar da mutum.

Yadda yake isa mota kuwa, wani ya gangaro daga bishiya ko bango, wani iska ce ta kawo shi. 'Ya'yan gizo-gizo kan saki zare sama, iska ta ɗauke su zuwa nesa. A 1832 Charles Darwin ya ga irinsu sun sauka a jirgin ruwan Beagle alhali yana kusan mil 60 daga gaɓar Ajantina.

Lokacin da ya zama matsala

A madubi ɓarnarsa kaɗan ce, amma a cikin bututun mota ya taɓa jawo wa manyan kamfanoni asara. A 2011 kamfanin Mazda ya janye motoci ƙirar Mazda6 kusan 65,000 a Arewacin Amurka, bayan an gano wani gizo-gizo mai launin rawaya yana saƙa a bututun da tankin mai ke shaƙar iska ta cikinsa. Idan bututun ya toshe, tankin na iya tsagewa, mai ya zuba, gobara ta tashi. A 2014 kamfanin ya sake janye wasu kimanin 42,000 saboda wannan dalili. A 2013 ma Toyota ta janye motoci sama da 800,000, ciki har da Camry da Avalon da Venza, saboda bututun zubar da ruwan na'urar sanyaya mota na iya toshewa, a wasu lokuta da yanar gizo-gizo, ruwan ya ɗiga kan na'urar da ke sarrafa jakar iska ta kariya.

Wannan ya shafi direbobin Nijeriya, tunda da yawa daga motocin tokumbo da ke shigowa ta tashoshin Legas daga Amurka suke, kuma sukan daɗe a ajiye kafin su sami mai saye.

Motar da ta daɗe ba ta motsa ba tana iya zama gidan Latrodectus geometricus, wani gizo-gizo mai launin ƙasa-ƙasa da ke yaɗuwa a ƙasashe masu zafi, har da na Afirka. A ƙarƙashin cikin macen akwai tabo mai ruwan lemo, jakar ƙwanta kuma tana da tsini-tsini kamar ƙarangiya. Cizonta yana da zafi, kuma wanda ya ji ciwon jiki ko murɗawar ciki bayan cizo ya garzaya asibiti.

Amma babban haɗarin yana tattare da direba ne. Yana mai ƙura tana rage gani a madubi, musamman da hunturu. Wanda kuma ya firgita da ganin gizo-gizo ya shiga kai masa duka yana tuƙi, na iya sakin hanya. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda.

Hanyar rabuwa da shi

Share yana kaɗai ba ya magani, sai an fitar da mai saƙar. A karkatar da gilashin iya iyakarsa, a zura buroshi mai laushi ko a hura iska a bayansa, a cire jakar ƙwai idan an gani. A guji zuba fetur, kananzir ko fiya-fiya, domin suna iya lalata roba da fenti, ga kuma wayoyin lantarki a madubin da ake juyawa da maɓalli. Sauya wurin ajiye mota nesa da bishiya da fitila yana rage dawowarsa.

Kada a sa hannu tsirara a ƙarƙashin kujera ko lungun motar da ta daɗe a ajiye. Idan gizo-gizo ya bayyana ana cikin tafiya, a nemi wuri mai aminci a tsaya tukuna. Idan kuma aka ji warin fetur ko aka ga ruwa yana taruwa a ƙasan kujerar gaba, a kai motar wurin bakanike ya duba bututun.