Mata Biyu a Ƙofar Majami'a: Mormon, Ikilisiyar Farko da Kudancin Kogin Kaduna

Tun bayan rikicin shekarar 2000 da na 2002, kogin Kaduna ya zama iyaka a zukatan mutane. Kiristoci da yawa sun tattara ya-nasu-ya-nasu sun koma Sabon Tasha, Narayi, Television, Romi da Gonin Gora, Musulmi kuma suka yi arewa. Rabuwar ta haifi wata fahimta mai sauƙi: auren mace fiye da ɗaya na can tsallaken gada ne, nan kuwa mace ɗaya ce. Duk wanda ya zauna da dattawan wata majami'a ya san ba haka abin yake ba. Kakannin Bajju, Atyap, Ham da Gbagyi sun tara mata, kuma har yau akwai magidancin da aka sa a horo, aka hana shi Jibin Ubangiji, saboda ya ƙara aure da uwargida ba ta haihu ba, ko ya gaji matar ɗan'uwansa.

A irin wannan muhawara sunan 'yan Mormon kan faɗo, yawanci don a yi ba'a. Ina ganin sun fi ƙarfin ba'a. Tambayar da suka yi tana da nauyi, amsarsu ce ta karkace.

Joseph Smith ya kafa ikilisiyarsu a Amurka a 1830, bisa da'awar cewa Kiristanci na ainihi ya ɓace bayan mutuwar manzanni, shi kuma aka aiko ya maido da shi. A 1843, a garin Nauvoo, aka rubuta wahayin da ya ce ya samu, mai halatta tara mata da hujjar Ibrahim, Yakubu da Dawuda. Ba a bayyana shi a fili ba sai 1852 a Utah, zamanin Brigham Young, wanda aka ɗaura masa aure da mata sama da hamsin. Orson Hyde, ɗaya daga cikin manyansu, har ya yi wa'azin cewa Yesu ne angon bikin Kana, maganar da ba ta da tushe a nassi, ikilisiyar ma ba ta koyar da ita a yau. Abin lura shi ne, Littafin Mormon kansa ya hana tara mata, sai in Allah ya ba da umarni na musamman.

To, ikilisiyar farko ta yi auren mata da yawa har a ce an maido da shi? Shaidar tarihi ba ta tare da su. Gaskiya ne Yahudawan zamanin sun san shi: Hirudus Babba ya tara mata, takardun wata Bayahudiya mai suna Babata na ƙarni na biyu kuma sun nuna tana da kishiya. Amma marubutan Kirista na farko sun yi masa kallon baƙon abu. Justin Shahidi, a ƙarni na biyu, ya zargi malaman Yahudawa da ƙyale mutum ya ajiye mata huɗu ko biyar. Tertullian ya wuce nan, ya ƙi ko da auren wanda matarsa ta rasu. Wajen shekara ta 401 Agustin ya kare su Ibrahim da cewa al'adar zamaninsu ce da neman zuriya, ya kuma ce wannan zamani ya wuce. Idan akwai abin da ikilisiyar farko ta karkata gare shi, ƙarancin aure ne, har da zama babu shi.

Wannan bai wanke 'yan mishan da suka kawo mana ƙa'idar mace ɗaya gaba ɗaya ba. Kiristanci ya girma ne a daular Rum, inda doka ba ta san mutum da mata biyu ba tun kafin a haifi Almasihu. Sarki Diocletian, wanda ya tsananta wa Kiristoci, shi ma ya hukunta masu aure biyu, a 393 kuma aka hana Yahudawan daular. Wato manzanni ba su taɓa tsayawa gaban ƙauyen da rabin magidantansa ke da mata uku ba. Wasiƙun Bulus zuwa ga Timoti da Titus sun gindaya sharaɗin mace ɗaya ga mai shugabancin ikilisiya, masana kuma suna saɓani kan abin da ake nufi, amma babu inda Sabon Alkawari ya umarci sabon tuba ya kori matan da ya aura kafin ya ji bishara. Wannan hukunci daga baya aka yanke shi. Bishop Colenso ya yi jayayya da shi a ƙasar Zulu, ya ce raba mace da mijinta da 'ya'yanta zalunci ne. Taron Lambeth na bishop-bishop na Anglika a 1888 bai bi ra'ayinsa ba, ya hana mai mata da yawa baftisma. Sai da aka shekara ɗari, a 1988, bishop-bishop na Afirka suka sa taron ya yarda a yi masa baftisma, muddin ba zai ƙara ba kuma ba zai kori kowa ba. Dokar Katolika ta 1983 ta tsaya a kan mace ɗaya, sai dai ta bar mutum ya zaɓi wata in zama da uwargida zai yi masa wuya, ta kuma ce a kula da bukatun waɗanda aka sallama. A Legas kuwa, tun 1917 aka kori masu mata da yawa daga cocin Methodist, suka kafa tasu.

Yadda Mormon suka bar al'adar ya fi yadda suka ɗauke ta koyarwa. Majalisar Amurka ta haramta ta a 1862, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 1879, dokar 1887 ta ba da damar ƙwace dukiyar ikilisiya, aka cika kurkuku da magidanta. A 1890 shugaba Wilford Woodruff ya sanar da dainawa, Utah ta zama jiha a 1896, a 1904 aka fara barazanar korar duk wanda ya ƙara. Da suka fara baftisma a Nijeriya a 1978, suka gina haikali a Aba a 2005, sun zo da ƙa'ida mai tsauri fiye da ta Anglika: mai mata biyu ba ya shiga, ko da dokar ƙasarsa ta yarda. Jikokin masu mata goma ne suke rufe wa ɗan Afirka ƙofa. Duk da haka, a koyarwarsu ta aure madawwami, wanda matarsa ta rasu yana iya ɗaura irin wannan aure da wata, su biyun su zama nasa a lahira. Abin da hukuma ta hana a ƙasa sai ya koma sama.

Mu ma hukuma na da hannu a namu. Dokar Aure ta 1914 ita ta mai da "auren rajista" na mace ɗaya, da hukuncin ɗauri ga wanda ya haɗa shi da wani, alhali auren gargajiya na nan da halaccinsa a kotu. Mutumin Kakuri zai iya zama mai bin doka a gaban alƙali, mai zunubi a gaban fasto, a kan aure guda.

Ban ga laifin ikilisiya ta koyar da mace ɗaya ba, tana da tarihin ƙarni ashirin a bayanta, kuma zumuntar mata ta fi kowa sanin zafin kishi da rigimar gado. Inda hujjar ta yi rauni shi ne wajen wanda ake ɗora wa kuɗin gyara. Namiji yakan yi horonsa ya koma kujerarsa. Amarya ce ake cewa ta tattara kayanta ta koma gidan iyayenta da goyo, ko ta zauna a bencin baya tana kallo ana miƙa wa uwargida gurasa. Da ta rasu kuma, dattawa su zauna tattauna ko fasto zai yi mata jana'iza.