Daga Willys zuwa Land Cruiser: yadda ɗaga mota ya koma lissafin kusurwa

Tambayoyi biyu sun fi yawa a bakin duk wanda ya ɗaga motarsa ya sa manyan tayoyi: me ya sa sitiyari ya daina dawowa da kansa bayan an sha kwana, kuma me ya sa motar ke yawo a titi kamar ba direba? Amsar tana cikin tarihin ƙarafan da ke ƙarƙashin motar, don haka yau can za mu leƙa.

Jip ɗin yaƙin duniya na biyu, wanda Willys da Ford suka ƙera sama da 600,000 tsakanin 1941 da 1945, aksil biyu miƙaƙƙu gare shi, kowanne a ɗaure kan sifirin mai falle. Land Rover ta 1948 da Toyota BJ ta 1951, wadda aka raɗa wa suna Land Cruiser a 1954, duk wannan tsari suka bi. Sifirin mai falle aiki biyu yake yi lokaci guda: yana ɗaukar nauyi, kuma shi ke riƙe aksil kada ya yi gaba, ko baya, ko gefe. Shi ya sa ɗaga irin waɗannan motoci bai zama wani babban ilimi ba. A ƙara wa sifirin lanƙwasa, mota ta tashi. In aksil ya ɗan juya, a cusa ɗan ƙarfe mai kauri a gefe ɗaya, siriri a ɗayan, tsakaninsa da sifirin, shi ke nan. Motar za ta jijjiga maka hanji, amma tana yafe kuskure.

Sojojin Amurka ne suka fara ɗanɗana kuɗarsu da aka bar wannan tsari. M151, wadda Ford ta tsara ta gaji tsohon jip a farkon shekarun 1960, kowace taya da nata sifirin mai murɗi, wato koyil. A daji ta fi magabatanta laushi nesa ba kusa ba. Amma tayoyin baya suna lilo ne a kan hannun da aka ƙulla kusa da tsakiyar mota, don haka in direba ya sha kwana da gudu, musamman ba kaya, sai tayar waje ta lanƙwashe ta shige ƙarƙashi, bayan motar ya tashi, sai kifewa. Wajen 1970 aka fito da M151A2 da sabon tsarin hannuwan baya. Duk da haka rundunar ta ƙi sayar wa farar hula da tsofaffin, yawancinsu yanka su aka yi ko aka murƙushe. Ku lura, ba wanda ya ɗaga M151. Hanyar da tayar ke bi in ta hau ko ta sauka ita ce ta ci rayuka.

A 1970 Range Rover ta fito a Ingila, aikin Spen King da Gordon Bashford, kuma a ganina ita ce ta sauya komai. Sun bar aksil miƙaƙƙe, suka ɗora shi kan koyil. To, koyil nauyi kawai ya iya ɗauka, ba ya riƙe komai. Dole aka raba aikin: dogayen hannuwa biyu daga casis zuwa aksil na gaba su hana shi gaba da baya, sanda guda a gicciye ta hana shi gefe. Wannan sandar ita ake kira Panhard, sunan tsohon kamfanin motoci na Faransa. Land Rover 110 ta bi sahu a 1983, Jeep Cherokee XJ a 1984 da hannuwa huɗu a gaba, Land Cruiser 80 a 1990, Wrangler TJ a 1997.

Daga nan ɗagawa ta daina zama wasa. Duk hannun da aka ƙulla a gefe ɗaya, ɗaya bakin da'ira yake bi. Ɗaga mota kuwa tura aksil ƙasa ne, nesa da casis, wato ka matsar da shi a kan wannan da'irar.

Ɗauki kasta. Dubi gaban babur ko keke: ƙarafan da ke riƙe tayar gaba a kishingiɗe suke, kansu ya karkata baya. Wannan karkatar ce ke sa taya ta miƙe da kanta, har yaro ya saki hannu yana tafiya. Mota ma tana da ita, 'yan digiri kaɗan. A ce hannun aksil tsawonsa mita ɗaya ne, ka ɗaga motar santimita 5, wato inci 2. Hannun ya juya kusan digiri 3, ya juya aksil tare da shi. A wasu motocin kusan duk kastar da kamfani ya saka ke nan, ta tafi. Motar ta yi kyau a hoto, amma a gudun kilomita 100 sai ka riƙa gyara sitiyari kowane daƙiƙa.

Sandar Panhard ma haka. In ta ƙara gangarowa, sai ta jawo aksil gefe guda, taya ɗaya ta leƙo waje fiye da ɗayar. Abin da ya fi wannan muni shi ne dangantakarta da sandar da ke kai umarnin sitiyari zuwa taya. Kamfani ya jera su kusan a layi ɗaya don su yi lilo tare. In aka gyara ɗaya aka bar ɗayar, duk ramin da ka faɗa zai juya tayoyin ba tare da ka taɓa sitiyari ba. Sai kuma farfela, wadda kurosanta ke fara gurnani da cinyewa in kusurwa ta yi yawa.

Ƙasashe biyu ne suka fi ba da amsa, kowacce da halinta. A Amurka tsawo ake so. Tun da Bob Chandler na yankin St. Louis ya fara ɗaga Ford F-250 ɗinsa a tsakiyar shekarun 1970, wadda ta zama Bigfoot, ido ya saba da mota mai kama da bene. Masu TJ da XJ da suka haura inci 4 sun gano gajerun hannuwan kamfani sun miƙe tsaye, kowane dutse yana dukan casis kai tsaye. Sai aka ƙirƙiro dogayen hannuwa da ake ƙullawa can tsakiyar mota, da ƙarafan da ke sauko da maƙallan hannu, da Panhard mai zare da ake ƙara wa tsawo, da farfela mai kuros biyu a baki ɗaya. Ostireliya kuwa kaya da nisa ne damuwarta. Kamfanin ARB da aka kafa a Melbon a 1975, mai Old Man Emu, ya fi shahara da ɗagawar inci 2 da shokazoba da aka auna da nauyin kayan tafiya, tare da bushin mai rami a gefe wanda ke dawo da kasta digiri biyu ko uku. Dokokin can ma sun taimaka, domin ɗagawa mai yawa sai injiniya ya sa hannu. Ni dai hanyar Ostireliya ta fi kwanta mini, don ita ta fi kama da rayuwarmu.

Akwai kuma cutar da Amurkawa suka laƙaba wa suna karkarwar ajali: ka taka ɗan gargada da gudu, gaban motar ya kama rawa da ƙarfi, ba ya bari sai ka rage gudu sosai. Tana kama motocin da ba a taɓa ba ma, har a 2019 kamfanin Jeep ya sauya wa masu sabuwar Wrangler shokazobar sitiyari. Amma ɗagawa da manyan tayoyi suna buɗe mata ƙofa, kuma yawanci asalinta bushin ɗin Panhard ne da ya saki, ko noti bai ɗauru ba, ko kasta ta yi kaɗan. Wanda ya sa shokazobar sitiyari biyu ya bar waɗannan, zazzaɓi ya danne.

A wajenmu ba don kwalliya aka fi ɗagawa ba. Land Cruiser da Hilux da ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku, ko masu shiga ƙauyuka da damina, falle ake ƙara musu a baya don kaya. Land Cruiser 79, wadda ta samu koyil a gaba tun 1999, tsakanin aksil ɗinta biyu mita 3.18 ne. In bayanta ya tashi santimita 10 ba kaya, hancinta ya duƙa kusan digiri 2, kuma daga kasta za a cire su, ko da ba wanda ya taɓa gaban. Shi ya sa direba zai ce maka motar ta fi natsuwa da lodi. Hilux daga ƙirar 2005 zuwa sama, mai taya kowacce da hannuwanta a gaba, ba ta ma jure fiye da inci 2 kafin robar shaf ta fara yagewa, kuma sau da yawa sai an sauya hannun sama kafin mai alaimen ya iya saita ta.

Abin da aka fi mantawa a gareji shi ne birki. Tsofaffin Land Cruiser da Hilux da yawa suna da wani bawul a casis na baya, da siririyar sanda zuwa aksil. Aikinsa auna kaya: in mota ta zauna, ya ƙara wa tayoyin baya birki, in ta tashi, ya rage. Ka ɗaga ta, bawul ya ɗauka motar wayam take ko da buhu ashirin ke ciki, nauyin tsayawa ya koma kan tayoyin gaba. Gyaransa ɗan ƙarfe ne da ke ɗaga maƙallin sandar daidai da tsawon da aka ƙara. Duk wanda zai karɓi motarsa bayan an ƙara falle, ya durƙusa ya duba ko an saka shi kafin ya biya bakanike.