Idon sama a kan gonakin Agiye da Gidan Rumji

Yunwa ce ta fara jawo idon tauraron ɗan'adam zuwa ƙasar Maraɗi. A 1972 Amurka ta harba tauraron Landsat na farko, daidai lokacin da fari ke ƙarar da dabbobin Sahel. Ƙasashen yankin suka kafa ƙungiyar CILSS a 1973, sannan cibiyar AGRHYMET a Yamai a 1974, don a riƙa bibiyar ruwan sama da halin amfanin gona. Da yunwa ta sake afkowa a 1984, wadda dattawan Maraɗi ke kira El-Buhari, Amurka ta kafa shirin FEWS a 1985. Daga hoton sama ake auna koren ƙasa, a hango inda damina ta gaza tun kafin rumbu ya faɗa wa mai shi.

Sai dai hoto ba ya ciyar da kowa. A 2005 an ga alamun ƙarancin abinci da wuri, amma gero ya yi tsadar da talaka bai iya saye ba, yara suka cika cibiyoyin tamowa a jihar Maraɗi.

A wannan tsakanin ne hotunan suka tona wani abin alheri. Gray Tappan na hukumar USGS ta Amurka, tare da Chris Reij ɗan Holand da masana 'yan Nijar, suka gwada hotunan jirgi na 1975 da na tauraro. Inda a da ake ganin fili fetal, sai ga gawo da kalgo da sabara sun cika gonaki. Ba shuka su aka yi ba. Manomi ne ke barin tohon kututture, ya zaɓi biyu ko uku masu ƙarfi, ya sassabe sauran: sassaben zamani ke nan, wanda garin Ɗan Saga na Agiye ya yi suna da shi. An ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar.

Daga 2019 maganar tsaro ta sauya kama. 'Yan bindiga suka koro dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina zuwa Gidan Rumji a jihar Maraɗi, aka tsugunar da wasunsu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makaho da Cadakori. Yanzu gonar da tsoro ya hana nomawa ana iya gane ta a hotunan tauraron Sentinel-2 na Turai, waɗanda kyauta ne ga kowa. A 2024 kuma, shekarar da sojojin Amurka suka bar Agadas, Nijar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Glavkosmos na Rasha don samun taurarin ɗan'adam uku.

Abokan hulɗa za su ci gaba da sauyawa. Abin da ya rage namu shi ne horar da matasa a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su iya karanta waɗannan hotuna, a kuma kai sakamakon ga magajin gari da hakimi da manomi cikin Hausa, tun shuka ba ta wuce ba.