Yadda ake ɗaukar kocin ƙwallon ƙafa a Benin, Nijar da Najeriya

Masu kallon ƙwallo a Toumboutou da sauran garuruwan yankin Malanville suna bin labarin ƙungiyoyin ƙasa guda uku: Guépards ta Benin, da Mena ta Nijar da ke ƙetaren kogin Isa, da Super Eagles ta Najeriya. Akwai mutum ɗaya da ya horar da dukkansu, wato Gernot Rohr, haifaffen Jamus da ya yi yawancin rayuwarsa ta ƙwallo a Faransa. Ya riƙe Mena daga 2012 zuwa 2014, ya riƙe Super Eagles daga 2016 zuwa 2021, sannan Benin ta ɗauke shi a watan Fabrairun 2023. Duk lokacin da aka sanar da sabon koci, muhawara kan kaure a gidajen kallo da majalisun shayi: wa ya zaɓe shi, nawa za a biya shi, kuma me ya sa aka tsallake 'yan gida? Ga bayanin yadda aikin yake tafiya, daga ranar da kujera ta zama babu kowa zuwa ranar da aka raba gari.

Wa ke da ikon zaɓe?

A bisa ƙa'ida, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa ce ke ɗaukar koci: FBF a Benin, FENIFOOT a Nijar, NFF a Najeriya. Kwamitin ƙwararru na hukumar ne ke tantance masu neman aikin, ya miƙa sunaye ga kwamitin zartarwa, shi kuma ya yanke hukunci. Dokokin FIFA sun hana gwamnati tsoma baki cikin harkokin hukumomin, kuma ƙasar da ta saɓa tana iya fuskantar dakatarwa.

Sai dai a ƙasashe da yawa na Afirka, baitulmalin gwamnati ne ke biyan albashin kocin, da kuɗin jirgi, da masauki, da alawus na 'yan wasa. Wanda ke biya kuwa ba ya rasa ta cewa. Shi ya sa ma'aikatar wasanni kan shiga zaɓen, a fili ko a bayan fage. Kamaru ta nuna iyakar inda abin zai iya kaiwa a watan Afrilun 2024, lokacin da ma'aikatar wasanni ta naɗa Marc Brys ɗan Beljiyam ba tare da amincewar hukumar da Samuel Eto'o ke shugabanta ba. An shafe makonni ana kai ruwa rana kafin hukumar ta yarda ya ci gaba da aiki.

Wani lokacin kamfani ne ke ɗaukar nauyin. A 2017 NFF ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin mai na Aiteo, wadda ta haɗa da biyan albashin masu horar da ƙungiyoyin ƙasa, a lokacin da Rohr ke kan aiki.

Hanyoyi biyu na nema

Hanya ta farko ita ce sanarwa a fili, abin da ake kira appel à candidatures a ƙasashen da ke amfani da Faransanci. Hukuma ta bayyana sharuɗɗa, ta sa ranar rufe karɓar takardu, ta rage sunaye zuwa uku ko biyar, sannan ta yi hira da su ido da ido ko ta bidiyo. Haka NFF ta yi a watan Maris na 2024 bayan ƙarewar kwantiragin José Peseiro ɗan Fotugal, kuma a ƙarshen Afrilu ta sanar da Finidi George.

Hanya ta biyu ita ce tuntuɓa a asirce. Shugaban hukuma ko minista ya kira wanda yake so, ko kuma dillalin wani koci ya kawo takardun mutuminsa. Dillalan suna da tasiri, domin su ne suka san wanda ke zaune ba aiki da kuma abin da zai karɓa. Sau da yawa hanyoyin biyu kan gauraya: a fitar da sanarwa, takardu su yi ta shigowa, alhali magana ta riga ta yi nisa da wani.

Abin da ake dubawa

Na farko shi ne takardar shaida. Hukumar CAF tana ba da lasisin horarwa mataki-mataki, daga D zuwa C, B, A, sannan Pro wanda ya fi kowanne. Turawa kan zo da makamancinsa na UEFA. Kocin gida da bai samu damar yin kwas ɗin ba yakan faɗi tun a tantancewar farko, ko da ya ci kofuna a gasar ƙasarsa.

Na biyu shi ne sanin Afirka: tafiye-tafiye masu nisa, zafi, filaye marasa kyau, da jinkirin albashi. Wannan ne ya sa sunaye kaɗan suke ta zagayawa daga ƙasa zuwa ƙasa. Rohr ya horar da Gabon da Burkina Faso ban da ƙasashe ukun da aka ambata. Michel Dussuyer ya riƙe Gini da Côte d'Ivoire, ya kuma riƙe Benin sau biyu.

Na uku harshe. Kocin Benin ko Nijar yana bukatar Faransanci, na Najeriya Ingilishi. Na huɗu kuma alaƙa da 'yan wasan da ke Turai, musamman waɗanda aka haifa a can kuma suke da zaɓi tsakanin ƙasashe biyu. Kocin da zai iya shawo kansu yana da daraja a idon hukuma.

Abin da kwantiragi ya ƙunsa

Kwantiragin yakan fayyace tsawon wa'adi, galibi shekara biyu ko uku, da albashi, da gida da mota, da adadin mataimakan da kocin zai zo da su. Yakan kuma sa buri: samun gurbi a gasar CAN, ko kaiwa wani zagaye, ko zuwa gasar cin kofin duniya. Sai batun inda zai zauna, domin hukumomi kan so kocin ya tare a ƙasar ya riƙa kallon wasannin gida, shi kuma yakan fi son zama Turai kusa da 'yan wasansa.

A kan irin waɗannan batutuwa ne ciniki kan lalace bayan an riga an sanar. A watan Yulin 2016 NFF ta bayyana sunan Paul Le Guen ɗan Faransa, amma bai karɓi aikin ba saboda saɓani kan sharuɗɗa, wata ɗaya bayan nan aka ɗauki Rohr. A watan Agustan 2024 hukumar ta sanar da Bruno Labbadia ɗan Jamus, cikin 'yan kwanaki maganar ta watse, inda NFF ta ce dokokin harajin Jamus ne suka sa kuɗin ya fi ƙarfinta. Augustine Eguavoen ne ya riƙe ƙungiyar na wucin gadi har zuwa Janairun 2025, lokacin da aka ɗauki Éric Chelle, tsohon kocin Mali, ɗan Afirka na farko da ba ɗan Najeriya ba da ya riƙe Super Eagles.

Kora da kuɗin sallama

Korar koci kafin wa'adinsa ya cika tana da tsada. Tun 2021 FIFA ta sa dokoki na musamman kan kwantiragin masu horarwa, kuma kocin da ke aiki a wata ƙasa yana iya kai ƙara gabanta, daga nan a ɗaukaka zuwa kotun wasanni da ke Lausanne a Suwizalan. Bayan NFF ta sallami Rohr a watan Disambar 2021, ya kai ƙara, kuma a 2022 FIFA ta umarci hukumar ta biya shi kusan dala dubu 378. Zimbabwe ta ga abin da ya fi haka: a 2015 FIFA ta cire ta daga wasannin neman gurbin gasar cin kofin duniya ta 2018 saboda ta ƙi biyan bashin wani koci ɗan Brazil da ake kira Valinhos.

Kocin gida da hukumar ƙasarsa ke riƙe wa albashi ba shi da wannan ƙofa cikin sauƙi, domin rigimarsa ta cikin gida ce. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka fi saurin korar 'yan gida.

Ɗan gida ko baƙo?

Tarihin ƙasashen uku cike yake da wannan takaddama. Harouna Doula ne ya kai Nijar gasar CAN karon farko, ta 2012, daga rukunin da ya haɗa da Masar da Afirka ta Kudu, kuma CAF ta zaɓe shi gwarzon koci na 2011. Duk da haka aka kawo masa Rolland Courbis ɗan Faransa a matsayin mai ba da shawara, kuma bayan Gabon ta ci Mena 2-0 a wasan farko, ragamar ta koma hannun Courbis. Kocin Gabon a ranar shi ne Rohr, wanda Nijar ta ɗauka kafin shekarar ta ƙare. Doula ya sake nuna abin da zai iya a farkon 2023, da ya kai Mena ta 'yan wasan gida zagayen kusa da na ƙarshe a gasar CHAN a Aljeriya. A ƙarshen shekarar FENIFOOT ta ɗauki Badou Zaki, tsohon mai tsaron ragar Maroko.

A Najeriya, Shuaibu Amodu ya samo gurbin gasar cin kofin duniya ta 2002 da ta 2010, amma duka biyun aka cire shi kafin a tafi. Stephen Keshi ya kai Togo gasar 2006, shi ma aka maye gurbinsa da Otto Pfister, daga baya ya ci wa Najeriya kofin CAN a 2013. Finidi George wasa biyu kacal ya jagoranta bayan an tabbatar da shi: kunnen doki 1-1 da Afirka ta Kudu, sai kashin da Benin ta Rohr ta ba Najeriya 2-1 a Abidjan ranar 10 ga Yunin 2024. Da hukumar ta ce za ta ɗauko baƙo ta ɗora a kansa, sai ya ajiye aiki.

Benin kuwa ta fi samun nasara a hannun baƙi. Dussuyer, wanda aka sallama a 2010 bayan gasar Angola, shi ne ya dawo ya kai ƙasar zagayen kwata-fainal a Masar a 2019, bayan fitar da Maroko a bugun fenariti. Rohr kuma ya samo mata gurbin gasar 2025 a Maroko.

Masu goyon bayan 'yan gida suna kafa hujja da Djamel Belmadi da ya ci wa Aljeriya kofi a 2019, da Aliou Cissé da ya ci wa Senegal a 2022, da Emerse Faé da ya karɓi Côte d'Ivoire a tsakiyar gasa a 2024 bayan an kori Jean-Louis Gasset, ya kuma ɗauki kofin.

A matakin kulob

Mai kulob shi ke da wuƙa da nama. A arewacin Najeriya gwamnatocin jihohi ne suka mallaki Kano Pillars, Katsina United, Wikki Tourists da El-Kanemi Warriors. Gwamnati ke naɗa shugabannin kulob, su kuma su ɗauki koci, don haka canjin gwamna kan iya girgiza har benci. Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008 da Kadiri Ikhana, a 2012 da 2013 da Mohammed Baba Ganaru, a 2014 da Okey Emordi. Ikhana da Emordi duk sun taɓa cin kofin zakarun Afirka da Enyimba kafin su zo Kano. A gasar Najeriya an saba jin an ba koci wa'adin wasa uku ya gyara ko ya san inda dare ya yi masa.

A Nijar manyan kulob da dama na hukumomi ne ko kamfanonin gwamnati, kamar AS FAN ta soja, AS Douanes ta kwastan, AS Police da Nigelec. A Benin an karkata ga kulob masu kamfani a bayansu, irin su Coton FC da Loto-Popo, yayin da Buffles ta Parakou ta daɗe tana riƙe da sunan arewa.

Yadda jami'o'in Amurka suke yi

A Amurka manyan jami'o'i suna da ƙungiyoyin ƙwallo irin tasu, mai kama da zari-ruga, kuma ɗaukar kocinsu babban ciniki ne. Daraktan wasanni na jami'a ne ke jagorantar nema, sau da yawa da taimakon kamfanin da ya ƙware wajen tuntuɓar mutane a asirce. Shugaban jami'a da majalisar amintattu su amince, attajiran tsofaffin ɗalibai kuma su tallafa da kuɗi. Ana yin abin cikin gaggawa don kada 'yan wasa su watse: da Nick Saban ya yi ritaya daga jami'ar Alabama a watan Janairun 2024, cikin kwana biyu aka ɗauko Kalen DeBoer daga jami'ar Washington. Ana rubuta kuɗin sallama tun ranar sa hannu. Da jami'ar Texas A&M ta kori Jimbo Fisher a watan Nuwambar 2023, bashin da ya hau kanta ya haura dala miliyan 75, wato sama da biliyan 40 na kuɗin sefa. A jami'o'in gwamnati jama'a suna iya neman ganin kwantiragin, abin da ba kasafai ake samu ba a hukumomin ƙwallon Afirka ta Yamma, inda albashin koci kan fito ta bakin 'yan jarida kawai.

Ga mai son shiga aikin

Matashin da ke horar da yaran makaranta ko na unguwa a Malanville, Gaya ko Kamba yana farawa ne daga kwas ɗin lasisin D ko C, wanda sashen ƙwararru na hukumar ƙasarsa ke shiryawa. Daga nan sai ya tara shekarun aiki a ƙaramin kulob kafin a yarda ya zauna wa lasisin B da A. Kuɗin rajista da na tafiya su ne babban cikas ga 'yan yankunan da ke nesa da Kwatano, Yamai ko Abuja. Duk wanda aka ɗauka aiki kuma, ko a ƙaramin rukuni ne, ya kamata ya nemi kwantiragi a rubuce mai ɗauke da wa'adi, albashi da sharuɗɗan rabuwa, ya ajiye kwafinsa, domin da shi ne kawai zai iya neman haƙƙinsa idan aka sallame shi.