Daga Ɗakin Amarya Zuwa Fuloti: Yadda Gidan Farko Ya Sauya Ma'ana a Katsina

Duk wanda ya ratsa unguwar Kambarawa, ko wata daga cikin unguwannin da ginin Katsina ke miƙewa zuwa cikinsu, zai ga gidaje da yawa tsaye a tsakiyar aiki. Wani an kai shi linta an dakata, wani an rufa shi da kwano amma ba ƙofa ba taga, wani kuma katanga kawai aka zagaye, ciyawa ta mamaye tulin yashin da aka zuba bara. Bayan yawancin waɗannan kangwaye akwai miji da mata da ke zaune a gidan haya, suna lissafin buhunan siminti kowane ƙarshen wata. A wurinsu wannan shi ne gidan farko.

Kakanninsu ba su san gidan farko da wannan ma'ana ba. A tsohuwar Katsina, abin da ango ke tanada shi ne ɗaki a cikin gidan mahaifinsa. Sauyin da aka samu daga ɗaki zuwa fuloti ya faru ne cikin kusan shekara ɗari, kuma ya taɓa abubuwa uku: abin da ake gini da shi, wanda ke ba da fili, da wanda ake kira mai gida idan an zo maganar takarda.

Lokacin da ƙasa ta wadatar

Lokacin da matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, ya iso Katsina a farkon 1851, ya kiyasta kewayen ganuwar birnin da mil 13 zuwa 14, amma mazauna cikinta a lissafinsa ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba. Mafi yawan abin da ganuwar ta kewaye gonaki ne da fili. Ke nan fili bai zama abin wahala ba. Baƙon da ya zo da niyyar zama yakan bi ta hannun mai masaukinsa zuwa ga mai unguwa, a nuna masa inda zai kafa. Magidancin da ɗansa ya isa aure kuwa ba ya ma buƙatar zuwa ko'ina, sai ya yanki wani sashe na tsakar gida ko na bayan gida.

Kayan gini ma a kusa suke. Ana haƙo jar ƙasa a gefen unguwa, a kwaɓa ta da ruwa da ciyawa, a bar ta ta tsima, sannan a mulmula tubali da hannu a shanya shi a rana. Ramin da aka bari shi ke zama kududdufi, ya tara ruwan damina. Rufin soro kuwa da azara ake yinsa, wato itacen giginya da aka tsaga, wanda gara ba ta cinsa da sauƙi. Da yake azara ba ta iya ɗaukar nauyin ƙasa a tazara mai faɗi, sai magina suka ƙware wajen ɗaura baka, suna jera azara a kan azara cikin ƙasa har rufi ya haɗe a sama. Don kare bango daga ruwa, ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, rufin kuma a bi shi da laso, a sa indararo ya zubar da ruwa nesa da gindin gini.

Gini sana'a ce ta gado, mai shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Magina. Wanda ya fi shahara a wannan fage a ƙasar Hausa shi ne Muhammadu Durugu, Babban Gwani, wanda ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Katsina ma tana da nata shaidun: hasumiyar Gobarau, wadda tarihin baka ke danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau, da kuma ginin Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Turawan mulkin mallaka da kansu da tubali suka gina wannan makaranta.

Ɗakin amarya bai kai ga buƙatar babban gwani ba. Magini ɗaya ya isa, sauran aikin kuwa na 'yan'uwa ne da abokan ango. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, sai a yi gayya: wasu na kwaɓa, wasu na miƙa tubali, mata na dafa abinci. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, in ji Hausawa, kuma a wancan zamani maganar a zahiri take. Rabon nauyi ma a bayyane yake. Namiji ke samar da ɗaki, dangin amarya su cika shi da gado da tasoshi da kwanuka. Ginin na gidan miji ne, abin da ke ciki na mace ne, kuma ko aure ya mutu kowa ya san abin da zai ɗauka.

Irin wannan gida ba a gama shi, domin yana girma tare da iyali. An yi sabon aure, a ƙara ɗaki. Tsoho ya rasu, ɗakinsa ya rushe, ƙasar ta koma cikin wani gini. Farashinsa shi ne kulawa: duk shekara sai an yi yaɓe kafin damina, in ba haka ba ruwa ya ci bango.

Kwano, siminti da albashi

A 1903 sojojin Lugard suka shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka. Shekaru kaɗan bayan haka, a 1911, layin dogo ya iso Kano, ya buɗe hanyar shigowar kwanon rufi da siminti daga bakin teku. Da farko kayan gwamnati ne da manyan attajirai. Sannu a hankali kwano ya zama alamar samu, domin ya raba mai gida da fargabar ɗigar soro a watan Agusta. An daɗe ana haɗa tsoho da sabo: bangon tubali, rufin kwano, shafen siminti a waje.

Abin da ya kammala juyin shi ne kuɗin mai. Ƙarin albashin Udoji a tsakiyar shekarun 1970 ya sa kuɗi a hannun ma'aikata, a daidai lokacin da gwamnati ta yi odar siminti mai yawan da ya sa ɗaruruwan jirage suka yi cirko-cirko a tashar Legas a 1975. A Arewa, kamfanin siminti na Sakkwato ya riga ya fara aiki tun shekarun 1960, na Ashaka ya biyo baya a ƙarshen shekarun 1970. Bulo ya maye gurbin tubali, birkila ya maye gurbin magini, gayya kuma ta koma kuɗin lebura.

An samu riba, an kuma yi asara. Gidan bulo ba ya neman yaɓe duk shekara, kuma yana jure ruwa. Amma bangon ƙasa mai kauri yana riƙe sanyin dare ya sake shi da rana, abin da bulo da kwano ba sa yi. Wanda ya kwana a soro a watan Afrilu ya san bambancin. Babbar asarar ita ce ta 'yanci: a da ƙarfin dangi ke gina ɗaki, yanzu farashin da ake yankewa a Legas da Obajana ne ke faɗin ranar da za a kai linta. A farkon 2024, watanni bayan cire tallafin man fetur, buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da yawa, kuma gine-gine da dama suka tsaya cak.

Fili ya koma takarda

Sauyi na biyu ya zo ta hanyar doka. Tun 1910 Turawa suka ayyana cewa ƙasar Arewa tana ƙarƙashin ikon Gwamna, yana riƙe da ita a madadin jama'a. Dokar filaye ta Jihar Arewa ta 1962 ta ci gaba a kan wannan turba. A 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta shimfiɗa tsarin a kan Nijeriya baki ɗaya: filayen birane suna hannun gwamnan jiha, abin da mutum ke samu shi ne izinin zama, galibi na shekara 99, kuma sayarwa ko jinginarwa na buƙatar amincewar gwamna.

A Katsina, ranar da wannan doka ta fara ciwo sosai ita ce 23 ga Satumba, 1987, lokacin da gwamnatin Janar Babangida ta cire Jihar Katsina daga Kaduna. Dare ɗaya birnin ya zama fadar gwamnati. Ma'aikata suka dawo daga Kaduna da iyalansu, suna neman muhalli a garin da bai shirya musu ba. Gwamnatoci sun gina rukunin gidaje kamar na Goruba da Barhim, amma ba su isa ba. Gonakin da ke kewaye da gari suka fara komawa fulotai, dillalai suka shiga tsakanin manomi da mai saye. Filin da mai unguwa ke nunawa da sanda ya zama ƙafa 50 da 100, mai takardar ciniki da shaidu.

Gwamnatin tarayya ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a 1992, inda ake cire kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci domin ya samu rance daga bankin lamunin gidaje. Sai dai rancen na buƙatar cikakkiyar takardar mallaka, wadda filayen da aka saya hannu da hannu ba su cika samu ba, ga kuma kuɗin ruwa da Musulmi da yawa ke ƙyama. Saboda haka yawancin ma'aurata suka koma ga tsohuwar dabara cikin sabuwar riga: gini kaɗan-kaɗan. Bana harsashi, baɗi linta, wata shekara rufi. Sau da yawa akan gyara ɗaki ɗaya da banɗaki a tare, a ci gaba da aiki ana ciki, domin kuɗin haya ya koma siminti.

Sunan wa ke kan takarda?

Sauyi na uku shi ne wanda ba a cika magana a kansa ba. A shari'ar Musulunci, samar da muhalli nauyin miji ne, dukiyar mace kuma tata ce ita kaɗai. Tsohon tsari ya dace da wannan daidai: ɗaki nasa, kaya nata. Amma gidan bulo ya fi ƙarfin albashi ɗaya. A ɗauki misalin malamin makaranta da matarsa ma'aikaciyar jinya. Shi ya sayi fili, amma kwasar adashinta ce ta yi rufi, sarƙar gwal ɗinta ce ta sayi ƙofofi. Takarda kuwa sunansa kaɗai ta ɗauka, domin haka aka saba, kuma neman a rubuta yana kama da rashin yarda.

Muddin suna raye suna zaman lafiya, babu wanda zai tuna. Matsalar tana ɓullowa ne ranar saki ko ranar rabon gado. Idan miji ya rasu ya bar 'ya'ya, rabon matarsa tumuni ne, wato ɗaya bisa takwas, idan babu 'ya'ya kuma ɗaya bisa huɗu, kuma in mata sun fi ɗaya, wannan kason suke rabawa. Wannan hukunci ya shafi abin da mamaci ya mallaka ne kawai. Kuɗin da mace ta zuba, in bashi ne, ana fitar da shi kafin a raba gado, in kuma tarayya ce, kasonta ba ya shiga gado tun farko. Amma alƙali da hujja yake aiki. Matar da ba ta da rubutu ko shaidu tana iya ganin rufin da ta biya da guminta an yi masa kuɗi an raba.

Maganin ba baƙo ba ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Ma'auratan da suka zauna tun kafin a haƙa harsashi suka fayyace ko gudummawar matar kyauta ce, ko rance, ko hannun jari, suka rubuta, suka sa shaidu biyu, ba su rage komai daga amanar da ke tsakaninsu ba. Sun dai sauke wa 'ya'yansu nauyin shari'a ne. Haka nan tabbatar da asalin fili a wurin mai unguwa da ofishin filaye, da neman izinin hukumar tsara birane kafin a sauke tifar yashi ta farko, ya fi sauƙi a kan kallon jan fenti a jikin katanga. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maginan da suka ɗaura bakan Gidan Korau ba su buƙaci takarda ba, domin dukan unguwa shaida ce a kan wanda ya kwaɓa ƙasa da wanda ya miƙa tubali. A sababbin unguwanni, maƙwabci bai san maƙwabci ba sai ranar tarewa, birkilan da ya yi aikin kuma ya wuce wani gari. Shaidar da jama'a ke riƙewa a ka, yanzu sai a rubuce. Ma'auratan da ke gini a Kambarawa a yau sun gaji haƙurin kakanninsu na ɗora tubali a kan tubali. Abin da ya rage musu shi ne su tanadi wa kansu shaidar da gayya ke bayarwa kyauta a da.