Gwanin da bai iso Kano ba: Stirling Moss da tseren hamada na 1974

A watan Mayun 1974, Alhaji Ado Bayero na cikin shekararsa ta goma sha ɗaya a kan gadon sarauta, Audu Baƙo kuma yana gwamnan jiha, Kano ta yi wasu baƙi da ba a saba ganin irinsu ba. 'Yan tseren motoci ne da suka taso daga Landan, suka keta Sahara, da nufin su taɓa Kano su juya su nufi birnin Munik na Jamus ta Yamma, inda za a buga wasan ƙarshe na gasar cin kofin ƙwallon ƙafa na duniya a watan Yuli. Motoci fiye da hamsin ne suka bar Ingila. Waɗanda suka iso Kano ba su kai goma ba.

Cikin waɗanda ba su iso ba har da mutumin da sunansa ya fi na kowa ƙara a tseren, wato Stirling Moss, wanda ya shekara goma sha biyu rabonsa da babbar gasa. Labarinsa ya isa a yi nazari a kai, domin yana amsa tambayar da akan yi duk sa'ad da tsohon gwani ya koma fage: in ya sha ƙasa, me ya rage na sunansa?

Wane ne Moss?

An haifi Stirling Moss a Landan ranar 17 ga Satumba, 1929. Tsakanin 1948 da 1962 ya shiga tsere 529, ya lashe 212. A gasar Formula One, wadda ita ce ƙololuwar wannan sana'a, ya ci tsere 16. A 1955 ya lashe Mille Miglia ta Italiya a cikin wata Marsandi mai lamba 722, inda ya cinye kusan kilomita 1,600 na titunan da jama'a ke bi yau da gobe cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48. Har aka daina wannan tsere ba wanda ya kamo shi.

Amma kambun duniya bai taɓa hawa kansa ba. Sau huɗu a jere, daga 1955 zuwa 1958, yana zuwa na biyu, sau uku a bayan Juan Manuel Fangio na Ajantina. Na huɗun shi ne abin da har yau ake ba da labari. A tseren Fotugal na 1958 alƙalai sun yi shirin soke sakamakon abokin hamayyarsa Mike Hawthorn bisa zargin karya doka. Moss da kansa ya je gabansu ya ba da shaidar da ta wanke Hawthorn, aka mayar masa da makinsa. Da shekara ta ƙare, Hawthorn ya zama zakaran duniya da ratar maki ɗaya tak, alhali tsere ɗaya ya ci, Moss kuwa huɗu.

Ya taɓa dawowa daga jinya cikin nasara. A watan Yunin 1960 ya yi mummunan haɗari a Beljiyam ya karya ƙafafu, amma kafin shekarar ta fita ya koma ya lashe tseren Amurka. Haɗarin da ya yi a filin Goodwood ranar 23 ga Afrilu, 1962 ya sha bamban. Ya yi wata guda bai san inda kansa yake ba, ɓarin jikinsa na hagu kuma ya shanye na kusan wata shida. Bayan shekara guda ya koma filin shi kaɗai ya gwada mota. Gudun yana nan, amma ya lura cewa abin da a da hannunsa da ƙafarsa ke yi da kansu, yanzu sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya yi. Nan take ya sanar da ajiye sitiyari, yana ɗan shekara 33. Daga baya shi da bakinsa ya yarda cewa ya yi gaggawar yanke wannan hukunci, domin a lokacin bai gama warkewa ba. Wannan ƙaiƙayi ne ya yi ta dawo da shi bakin fage.

Me ya sa Kano?

Waɗanda suka tsara tseren 1974 suna neman hanya mai wahala da za ta zarce ta 1970, wadda ta tashi daga Landan zuwa Meziko. Duk wanda ya shimfiɗa taswira yana neman inda hanyar hamada ta ƙare a kudu, yatsansa a Kano zai tsaya. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na tasowa daga Tarabulus, su bi ta Gadamas da Gat da Agadas, su sauke kaya a cikin badala. Kasuwar Kurmi, wadda ake danganta kafuwarta da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, nan ne ake musayar kayan arewa da baƙin rini da jemammiyar fata na Kanawa. Ta Gat da Agadas Bajamushe Heinrich Barth ya bi ya iso birnin a 1851. Zuwan jirgin ƙasa a 1911 ne ya juyar da fuskar kasuwancin Kano daga hamada zuwa teku.

An tsara motocin su ratsa Faransa da Sifaniya, su tsallaka Maroko, su shiga Aljeriya har Tamanrasset, daga nan su gangaro ta Nijar zuwa Kano, tafiyar fiye da kilomita 1,500 wadda mafi yawanta ba kwalta. Sai su sake hawa arewa zuwa Tunisiya, su bi ta Italiya da Turkiyya da Yugoslabiya kafin Munik.

Lokacin bai dace ba ta ko'ina. Tashin farashin man fetur na 1973 ya sa manyan kamfanonin motoci sun janye hannu, saboda haka yawancin masu shiga da kuɗin aljihunsu suka zo. Watan Mayu tsakiyar zafin bazara ne. Yankin Sahel yana cikin farin da ya hallaka dabbobin Buzaye da Fulani. A Nijar kuwa mako uku kacal da suka wuce, ranar 15 ga Afrilu, Seyni Kountché ya hamɓarar da gwamnatin Diori Hamani.

Inda kwalta ta yaudari kowa

A irin wannan tsere ba a zagaya fili. Kowace mota tana ɗauke da littafin hanya wanda masu shiryawa suka rubuta bayan sun riga sun bi hanyar: bayan kilomita kaza a juya dama, bayan kaza a bar kwalta. Fataken Kano sun san matsayin wannan aiki, domin ayari yana da madugu, amma yana da jagaba mai wucewa gaba ya duba hanya da ruwa da zango. Littafin nan shi ne jagaban 'yan tsere, sai dai jagaba ne da ya ga hanya watanni da suka wuce bai sake komawa ba.

A wani wuri cikin hamadar Aljeriya littafin ya kafa alama da inda kwalta ta ƙare. Ashe tsakanin rubuta shi da ranar tseren, masu aikin titi sun ƙara shimfiɗa kwaltar kilomitoci da dama. Direbobi suka bi ta har ƙarshenta na yanzu, suka fara lissafi daga inda ba nan ba, suka fantsama cikin rairayi. Wasu suka kafe, wasu ƙafafun motarsu suka kakkarye a kan duwatsu, wasu mai ya ƙare musu. Sai da aka tashi jirage neman mutane.

Moss, mai shekara 44, yana cikin Marsandi tare da abokan tafiya biyu, Mike Taylor da Allan Sell. Sun lallaɓa sun kai wani sansanin soja ruwansu ya ƙare, suka tarar ba kowa a ciki, suka zauna jiran ayarin motocin ruwa. Nan tserensa ya tsaya, ko iyakar Nijar bai gani ba.

Wanda Kano ta gani shi ma tsohon hannu ne, sai dai ba mai irin wancan suna ba. Ken Tubman, mai sayar da magani daga garin Maitland na Ostareliya, ya haura shekara hamsin. Tun 1953 ya lashe doguwar gasar Redex ta ƙasarsu a cikin Fijo 203, daga nan bai sake yin wata babbar nasara irinta ba. Shi da André Welinski da Jim Reddiex, wanda ya san cikin motar ciki da bai, sun shiga da Citroën DS, motar da ake iya ɗaga cikinta daga ƙasa in hanya ta ɓaci. Sun iso Kano, sun koma, sun shiga Munik a kan gaba da ratar fiye da kwana guda cur. Motoci 19 aka lissafa sun gama, amma biyar ne kawai suka bi hanyar baki ɗaya.

Na biyu da na uku da na huɗu duk Fijo 504 ne, biyu daga cikinsu kuma mata ne Faransawa suka tuƙa, Christine Dacremont a matsayi na biyu, Claudine Trautmann a na huɗu. Shekara guda bayan haka, a 1975, kamfanin Fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara harhaɗa wannan mota a Kaduna, ta zama dokin tashoshin arewa na tsawon zamani. Direbobin Kano zuwa Maraɗi ba su buƙaci wani ya gaya musu abin da 504 ke iyawa ba.

Ƙwarewar Moss ta daƙiƙa ce: sanin inda za a taka birki, da yadda za a shiga kwana taya na ƙara amma ba ta zame ba. Hamada ba wannan take tambaya ba. Tana tambayar wa zai rage gudu don ya tsira da motarsa, wa ya ƙara jarkar ruwa maimakon rage nauyi, wa zai yi shakkar littafi in ƙasa ta nuna wani abu dabam. Sannu ba ta hana zuwa, kuma a wannan tafiya ita kaɗai ta kai mutane.

Bai daddara ba

A 1976 Moss ya sake gwadawa a tseren Bathurst na Ostareliya, shi da Jack Brabham, wanda ya ci kambun duniya sau uku. Jama'a sun yi dafifi don ganin tsofaffin zakaru biyu a mota guda. Ana ba da alamar tashi motar ta ƙi motsi a hannun Brabham, wata ta daki bayanta. Aka gyara aka koma, daga baya injin ya buga a hannun Moss.

Dawowa ta gaske ita ce ta 1980 da 1981, lokacin da ya shiga gasar ƙananan motoci ta Birtaniya da Audi, yana ɗan shekara hamsin. Sana'ar ta canja a bayansa. Tayoyi sun zama masu faɗi marasa zane, masu manne wa kwalta. Motar da aka ba shi da ƙafafun gaba take ja, shi kuwa duk rayuwarsa da masu tura ta baya ya saba. A shekara ta biyu abokin aikinsa wani yaro ne ɗan ashirin da 'yan kai, Martin Brundle, wanda daga baya ya kai Formula One. Moss bai ci tsere ko ɗaya ba, kuma bai ɓoye nadamarsa a kan wannan dawowa ba.

Abin da ya rage na suna

Tarihin wannan wasa ya ga dawowa iri biyu. Niki Lauda ya bari a 1979, ya dawo a 1982, ya ci kambunsa na uku a 1984 da ratar rabin maki. Michael Schumacher, mai kambu bakwai da nasara 91, ya dawo a 2010 ya yi shekara uku bai ci tsere ba, sau ɗaya kawai ya zo cikin ukun farko. Lauda shekara biyu ya yi a waje, ya tarar da motocin da ya sani. Moss sai da ya shekara goma sha takwas kafin ya koma cikakkiyar gasa. Tsawon rabuwa da fage ya fi yawan shekarun mutum tasiri.

Duk da haka, faɗuwar 1974 da ta 1980 ba su ci sunansa ba. Shekaru da yawa bayan ya bar tsere, ɗan sanda a Ingila in ya tsayar da mai gudun wuce ƙa'ida yakan tambaye shi ko ya ɗauka shi ne Stirling Moss. A shekarar 2000 aka ba shi lambar girma ta Sir. Da ya rasu ranar 12 ga Afrilu, 2020, yana da shekara 90, abin da jaridu suka tuna shi ne Italiya a 1955, da Monako a 1961 inda ya doke motocin Ferrari da wata Lotus da ba ta kai su ƙarfi ba, da shaidar da ya bayar a Fotugal.

Dalili a fili yake. Wanda darajarsa ta rataya a kan cewa ba a taɓa kayar da shi ba, faɗuwa ɗaya ta isa ta rushe ta. Moss kuwa tun yana ganiyarsa an san shi da rasa kambu, an kuma san yadda ya rasa shi. Hali zanen dutse ne, ba a goge shi da sakamakon tseren da aka yi bayan shekara ashirin. Tubman ya samu abin da ya ƙara wa tarihinsa a hanyar Kano domin doguwar tafiya ita ce fagensa tun farko. Moss ya shiga fagen da ba nasa ba, aka gane iyakar gwanintarsa, iyakar da kowane gwani ke da ita.

Abu ɗaya dawowar ta ba shi wanda haɗarin 1962 ya ƙwace masa. Bayan Audi ya koma tuƙa tsofaffin motoci irin na zamaninsa a gasar tunawa da da, inda hannunsa ya san komai, ya yi kusan shekara talatin a haka. Ranar 9 ga Yuni, 2011, a filin Le Mans na Faransa, yana da shekara 81, ya fito daga wata Porsche bayan zagayen gwaji ya shaida wa 'yan jarida cewa ya tsorata kansa, kuma tun tuni ya yi alkawarin ranar da hakan ta faru zai bari. A karon farko ciwo ne ya yanke masa hukunci yana tsakiyar ƙarfinsa. A karo na ƙarshe shi ya yanke da kansa, kuma bai sake komawa ba.