Hoto mai motsi da koyar da harshe a Nijar: abin da tarihi ke nuna wa ajin Ingilishi a Birnin Ƙwanni

Birnin Ƙwanni gari ne da harsuna uku suke zaune tare. Hausa ita ce harshen gida da na kasuwa. Faransanci ya biyo sawun Nasara, bayan da rundunar Voulet da Chanoine ta ragargaza garin a 1899. Ingilishi kuwa yana ƙetaren iyaka, a Illela ta jihar Sakkwato, tafiyar ƴan kilomita kaɗan. A watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasa ya mai da Hausa harshen ƙasa, ya ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Tun da haka ne, ya kamata masu tsara karatu su waiwayi abin da Nijar ta taɓa gwadawa wajen koyar da baƙon harshe da hoto.

1. Telebijin na makaranta

Nijar na cikin ƙasashen Afirka na farko da suka sa telebijin cikin aji. An fara gwajin a Yamai a 1964 da taimakon Faransa, ƙarƙashin jagorancin Max Egly. A 1966 aka buɗe makarantu wajen 20 a kewayen birnin, da yara kimanin 800. Ana watsa gajerun darussa sau da yawa a yini, kowane bai wuce minti 15 ba. Waɗanda suke tsare ajin ba malaman da suka yi dogon horo ba ne. Matasa ne masu takardar ƙare firamare, aikinsu shi ne su sa yara su maimaita, su yi wasa da abin da suka gani, su yi magana.

Masu bincike da suka ziyarci waɗannan azuzuwa sun yaba da yadda bakin yaran ya buɗe da Faransanci, da kuma ƙarancin masu gudun makaranta. Amma shirin bai game ƙasa ba. Kayan aikin na da tsada, akasarin masu shirya darussan baƙi ne, kuma jarrabawar ƙasa ba ta auna magana, rubutu take aunawa. A 1979 aka kafa Télé-Sahel, telebijin na makaranta ya kau. Kodebuwa, wadda ta kwaikwayi tsarin daga 1971, ita ma ta dakatar da nata a farkon shekarun 1980.

Abin lura a nan biyu ne. Na ɗaya, kamara tana ɗakin shiri a Yamai, yaro kuwa mai kallo ne. Na biyu, harshen da yaro ya zo da shi daga gida ba shi da gurbi a darasin. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram.

2. Lokacin da aka miƙa magana ga masu ita

A wannan zamani akwai wata hanya dabam. Ƙungiyoyin sauraron rediyo na Nijar, da aka kafa a 1962, suna aika masu rakoda ƙauyuka su ɗauko muryar manoma cikin harshensu, a watsa, a sake tattaunawa. Ta fuskar silima, Jean Rouch ya tara ɗaliban wata makarantar sakandare a Abijan a 1959, baƙaƙe da farare, ya bar su suka ƙaga labari da maganganunsu a gaban kamara. Fim ɗin, La Pyramide humaine, ya fito a 1961. Umaru Ganda, wanda ya fara da wasa a fim ɗin Rouch, daga baya ya riƙe kamara da kansa, har ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Wanda aka bai wa dama ya tsara labarinsa, shi yake neman kalmar da zai faɗe shi da ita, ba sai an ɗura masa ba.

3. Ingilishi a kolej

A Nijar ana fara Ingilishi ne a ajin farko na kolej. Ƴan sa-kai na Amurka, wato Peace Corps, sun iso a 1962, kuma rukunin farko malaman Ingilishi ne; an janye su a 2011. Duk tsawon wannan lokaci kayan aikin malami allo ne da alli da littafi, aji kuwa cike. Ɗalibi yakan haddace ƙa'idojin nahawu ya ci jarrabawa, amma idan ya ƙetara Illela da Hausa zai yi cinikinsa, domin ta wadatar. Ingilishin nasa ya zauna a takarda.

Abin da ya sake shi ne kayan ɗaukar hoto. Tun fitowar Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan bidiyo na Hausa suka shiga gidajen Ƙwanni da Malbaza da Illela, suka nuna wa matasa cewa ɗan Bahaushe na iya shirya fim. Yau wayar hannu ta ɗauke aikin da a da sai babban ɗakin shiri yake yi.

4. Abin da za a ɗauka

Matsalar tsada, wadda ta nauyaya telebijin na makaranta, ta ragu ƙwarai. Sauran matsalolin biyu suna nan. Idan malami ya riƙe kamara shi kaɗai, an koma 1964. Idan aka raba ɗalibai rukuni-rukuni, suka yi hira da manomin albasa na Galmi ko ma'aikacin siminti na Malbaza cikin Hausa, suka rubuta hirar da daidaitacciyar ƙa'ida, sannan suka fassara ta suka yi bayani da Ingilishi, to aiki guda ya haɗa rubutun Hausa da fassara da furuci. Rubutaccen Hausar kuma zai yi amfani a cibiyoyin yaƙi da jahilci na yankin, inda abin karantawa ya yi ƙaranci.

Sharaɗin da ya rage na hannun hukuma ne. Muddin jarrabawa ba ta ba magana maki mai nauyi ba, malami zai ga wannan aiki ɓata lokaci ne, iyaye ma haka. A nan ne gwajin farko ya yi tuntuɓe, kuma daga nan ya kamata gyara ya fara.